Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar Da Aka Kashe Saboda Wasan Da Bai Fito Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi cewa mijin 'yarmu Auta ya kashe mana kwamfuta. Shi ya kashe ta, da hannunsa, ranar Talata da hantsi, a cikin falona, ba na nan. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta har ƙarshe yana zaton tsufa ne ya ɗauke ta. Lafiyarta ƙalau muka fita muka bar ta.

Marigayiyar, wadda maigidana Malam ya raɗa wa suna 'Yar Baƙa, ta rasu tana da shekara shida a duniya, huɗu daga ciki a gidanmu.

Ni ban yi makaranta ba. Ƙanwata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya don wai suruki ne. Shekara tara ina riƙe da kunyar surukuta, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sunan dai har yau ba zan kira ba. Sauran kuwa na ajiye.

Wanda bai san gidanmu ba, bari in gaya masa wace ce muka rasa. Malam direban tirela ne, shekara talatin da shida a kan titi. Shekara huɗu da suka wuce ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da ba ya kwana uku a gari ɗaya ya koma daga gado sai kujera. Wata bakwai bai ce uffan ba. Matar da ke gasa masa jiki a asibiti ita ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsun hagu, abin da ransa zai so, tunda ƙwallon robar da ta ba shi ƙarƙashin gado yake jefa ta. Sai Babba, 'yarmu ta fari, ta ɗauko wannan kwamfuta daga gidanta, baƙa, mai tsayi kamar jarka, ta jona ta da talabijin.

Wasa ɗaya ne a cikinta. Irin wanda ake sakin mutum a ƙasa guda, da birane da duwatsu da gadoji da bakin teku, a ce masa je ka inda ka ga dama. An ce mini mutane faɗa suke yi a ciki, da harbe-harbe da satar mota. Malam ko marin wani bai taɓa yi ba. Ya samu wata babbar mota ja a bakin tasha, ya shiga, shi ke nan.

Abin riƙewar, wanda suke ce wa hannu, an yi shi ne don mai hannu biyu. Malam ɗaya gare shi. Sai muka raba: shi ya riƙe ɓangaren hagu, inda sitiyari yake, ni na riƙe na dama, totur da birki. Kafaɗa da kafaɗa a kujera ɗaya, abin da ko muna amarci ba mu yi ba. Kwana tara da farawa, muna gangarowa daga wani dutse, ni hankalina ya tafi kan wasu tsuntsaye da suka tashi a gefen hanya, yatsana na danne da totur. Sai na ji a kunnena, da muryar da na riga na fid da rai da ita: "Birki!" Na saki hannun ya faɗi ƙasa, mota ta tafi kwari da mu. Ya juyo ya harare ni, ya ƙara kalma ta biyu: "Sakarya." Na zame daga kujera ina kuka ina dariya. Tun da uwata ta haife ni ban ji daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga kalma biyu ya kai talatin da 'yan kai. Hagu, dama, sannu, tudu, shayi, a'a, da sunana. Hannun da ba ya iya ɗaga cokali ya koma yana riƙe kofi, yana ɓalle maɓallin riga da kansa.

Ina ba da shaida, kuma na san za a tambaye ni: marigayiyar ba ta taɓa yi mana gardama ba. Idan aka danna mata maɓalli sai ta ce "ƙit", ta ɗan yi shiru kamar mai tuna inda ta kwana, sannan fankarta ta fara, "fuuuu". Haka take numfashi awa biyu, daga bayan karin kumallo zuwa rana tsaka. Idan ta gaji muryar takan sirance ta koma "wiiii". Da na ji haka sai in ce, "Malam, a faka." Shi kuwa ba ya faka mota a tsakiyar titi ko da a cikin wasa ne. Sai ya nemi gefe mai faɗi, ya daidaita ta, sannan in kashe. Abu ɗaya ta roƙa a wurinmu duk zamanta, shi ne iska. Na ɗora ta a kan katako biyu don ta sha ta ƙasa. Na janye ta daga bango tsawon hannu. Duk mako ina bin hudojinta da tsohon buroshin haƙori ina fitar da ƙura. Ko mayafi ban taɓa ajiyewa a kanta ba. Duk mai shiga gidan nan ya san wannan doka, har shi mijin Autar, don a gabansa na taɓa ɗauke wayarsa daga kanta.

Ciwon da ya yi ajalinta a bakin mutane ya fara, tun wata takwas da suka wuce.

Wai akwai sabon wasa da ke tafe, ƙanin wannan namu. Bai fito ba. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Abin da masu shi suka nuna wa duniya duka-duka guntun bidiyo ne da bai cika minti biyu ba. A kan wannan guntun wasu ƙatti suka tare. Mijin Auta na cikinsu. Da safe yana shagonsa na kayan waya, da yamma ya kafa waya a kan sanda ya yi ta zuba wa mabiyansa bayani, suna ce masa Injiniya. Ban san wace gada ya gina ba.

Gardamar tasu a kan injin wasan ce. Mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa ya fahimtar da ni cewa ba inji ne na ƙarfe da mai ba, rubutu ne da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta zana duniyar, inda haske zai faɗa da yadda inuwa za ta kwanta. To, madalla. Wannan inji na sha shi a falona duk ranar da suka zo gaisuwa. Wai zai bi kowane zaren haske tun daga rana har ya daki gilashi ya dawo ido. Wai idan an yi ruwa, kududdufi zai nuna maka fuskarka da gajimaren da ke bayanka. Wai laka za ta manne a taya, ta bushe, ta farfashe da kanta. Ciyawa ma wai ɗai-ɗai za ta riƙa kaɗawa, kowace da iskarta. Wani mai gemu a wata ƙasa ya ce sabon inji ne dungurungum. Namu ya ce a'a, tsohon ne aka yi wa garambawul, ya gane ne daga yadda inuwar wata bishiya ta yi rawa a daƙiƙa ta arba'in da ɗaya. Ya tsayar da bidiyon, ya buɗa hoton har ya koma ɗigo-ɗigo, ya kawo mini wayar har hanci.

"Mama, kin ga nan? Kin ga gefen inuwar?"

Na ce abin da na gani maiƙo ne a gilashin wayarka.

Shekara arba'in da huɗu ina auren direba. Na san ba a yanke wa inji hukunci daga hoton mota. Sai an tada shi, an saurari kukansa, an hau tudu da kaya. Su kuwa ko tayar ba su gani ba suna rantsuwa.

Daga nan gardama ta gangaro kan abin da ya shafe mu. Mai gemu ya ce tsofaffin kwamfutoci ba za su ɗauki sabon wasan ba, katin da ke zana hoto a cikinsu durƙushewa zai yi. Namu ya rantse a gaban mabiyansa cewa za su ɗauka, in dai an san yadda ake ƙara musu wuta. Suka ce ya nuna. Tasa sabuwa ce, ba za ta yi masa shaida ba. Sai ya tuna akwai tsohuwa a gidan surukansa. Sau biyu ya tambaye ni. Sau biyu na ce a'a.

Talata ce ranar asibitinmu, kowa ya sani. Auta na da mabuɗin gidan saboda lalura. Mun fita ƙarfe takwas, mun dawo sha biyu saura. Tun daga ƙofa Malam ya riga ni ji, don hancin direba ba ya mance warin wayar wuta idan ta ƙone. Na ga hannunsa na hagu ya damƙe ƙarfen keken da nake tura shi. Muka tarar da Auta a falo, ta buɗe tagogi duka, tana fifita ɗakin da faranti. Mijin nata ya riga ya tafi. Bargon gadonmu an ninke shi an mayar, da sauran ɗuminsa, da wani baƙin tabo kamar na dutsen guga.

Ba zato nake yi ba game da yadda ta cika, don shi da kansa ya ɗauka ya watsa wa duniya kai tsaye. Maƙwabciyata tela ta nuna mini a wayarta, na kalla sau uku, ko ƙiftawa ban so yi ba. Ya zuba mata wani gwaji da wani can ya haɗa bisa hasashensa na yadda sabon injin zai kasance. Ku lura da kyau: ba daga masu wasan ya fito ba, hasashen wani ne a kan hasashen wani. Ya ƙara wa katin wuta. Ya cire takunkumin da ke sa ta ɗauke da kanta idan zafi ya yi yawa, yana dariya yana cewa wannan na matsorata ne. A talabijin wani titi ya bayyana, jiƙe, da fitilu suna rawa a cikin ruwan. 'Yar Baƙa ta fara "fuuuu". Ba a yi minti uku ba ta koma "wiiii". Sannan ta yi wani kuka da shekara huɗu ban taɓa ji daga bakinta ba, "wiiii-rrrr, wiiii-rrrr". Da ina nan da tun a na biyun na zare soket.

Sai mabiyansa suka fara rubuto masa cewa ba sa jin muryarsa, ƙarar fanka ta yi yawa.

Ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, bari in rufe wa tsohuwar nan baki."

Ya fita daga hoton, ya dawo da bargona. Ya lulluɓe ta har ƙasa, ya cusa gefe da gefe yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya zauna, ya gyara wuyan riga.

"Yauwa. Yanzu kuna ji na?"

Minti goma sha ɗaya ta yi a ciki. Idan ka kanga wayar a kunne za ka ji ta can ƙasa-ƙasa, "uuuu", tana neman iska, shi kuma yana nuna musu yadda fitila ke kwanciya a kan ruwa. Sai wasu layuka kore da ja suka keta hoton. Sai "tas". Sai duhu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai goge ba. Ya bar bidiyon, ya sa masa take cewa tsofaffin katuna ba za su iya ba, ga hujja. Mutumin da ya rantse za su iya! Dubban mutane sun kalla, suna yaba masa wai ya karɓi gaskiya. Ni da ban yi makaranta ba na san ba abin da ya gwada a ranar illa kaurin bargona.

Mai gyara ya buɗe ta a gabana. Ya nuna mini katin, fikafikan fankar sun narke sun lanƙwashe. Babban allon da komai ke manne a jikinsa shi ma ya tafi. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan dafa ta aka yi."

Marigayiyar ta bar talabijin, wadda tun ranar take nuna shuɗiyar fuska ba komai. Ta bar hannun wasa ɗaya, wanda babban yatsan Malam ya goge masa ɓangaren hagu har ya yi sumul. Ta bar katako biyu da buroshi. Ta bar ma'ajiyarta, wani ƙarfe kamar tafin hannu, wanda mai gyara ya ce yana da rai, kuma jar motar tana ciki a fake a gindin wata gada inda muka bar ta ranar Litinin. Ta bar ni. Ta bar Malam, kuma saboda shi ake wannan rubutu.

Yau kwana goma sha biyu. Kwanakin farko, da ya gama shayi sai ya ɗaga hannu ya nuna teburin. Na ce masa tana wurin gyara, gobe za ta dawo. Ƙarya na yi masa, mutumin da ya ji warin da hancinsa. Ya dube ni, ya sauke hannun. A kwana na biyar ya daina nunawa. Yanzu ba ya yarda a fito da shi falo. Yana kwance ya ba ni baya, fuskarsa a bango. Abincin da yake cinyewa ya koma cokali uku. Shekaranjiya kofi ya suɓuce daga hannun nan na hagu, bai ko kalli inda ya faɗi ba. Jiya tun safe har yamma kalma ɗaya ya faɗa, "a'a". Matar asibiti ta murza yatsunsa ranar Talatar nan, ta dube ni ta ce me ya faru, na gaya mata. Ta ce a shekarunsa abin da aka samu a wata shida yana iya zubewa a mako uku, kuma ba kullum yake dawowa ba.

Ba wai babu mafita ba ne. Mai gyara na da irinta a shago, tsohuwa, lafiyayya, ya ce wuni ɗaya ya ishe shi ya mayar da ma'ajiyarmu ciki. Na aika wa mijin Auta ta bakin matarsa, shiru. Na ajiye kunya na kira shi da kaina. Ga abin da ya ce mini, kuma ƙanwata na zaune ta ji:

"Mama, ba dabara ba ce a ɗauki tsohuwa yanzu. A ɗan jira su faɗi ƙarfin da sabon injin ke buƙata, sai in haɗa wa Baba wadda za ta ɗauke shi. Wallahi zai ga ruwa kamar na gaske."

Na ce yaushe ke nan?

Ya ce, "Ana hasashen ƙarshen shekara. Wasu dai na cewa baɗi."

Malam shekararsa saba'in da huɗu. Ya ga ruwa na gaske. Ya kwanta a cikinsa a ƙarƙashin tirela yana canza taya tun kafin a haifi mai gemun naku. Ba ya neman kududdufin da zai nuna masa fuskarsa. Madubin ɗakinmu ma na juya shi bango tun ranar da bakinsa ya karkace. Tsohon wasan nan da kuke rainawa, mai ciyawa kamar an shafa fenti, shi ne ya dawo mini da muryar mijina. Ku kuna da watannin da za ku zauna jiran kamfani. Malam ba shi da su.

Auta ta zo ta durƙusa tana kuka. "Mama, don Allah ki rufa mana asiri, kada Yaya ta ji." Na rufa, kwana goma sha biyu, ina kallon babanta yana komawa baya. Auta, ki yafe mini. Kin tsaya wa mijinki, ban ga laifinki ba. Ni ma ina da nawa. Babba, yau kin ji, kuma ki bar ƙanwarki, ba ita ta ɗauko bargon ba.

Ga yadda za a yi jana'iza.

Gawar tana kan tebur a falona, a buɗe yadda mai gyara ya bar ta, duk mai son ganin aikin Injiniya ya zo ya gani. Ba na karɓar gaisuwa, kada kowa ya kawo mini abinci, kada kuma a turo mini dattijo ya ce in yi haƙuri. Wanda ke da haƙurin da ya yi masa yawa ya zo ya zauna da Malam lokacin cin abinci.

Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba za a binne ta ba, mai gyara zai karɓe ta ya cire abin da zai amfani wata. Mai ɗaukarta mutum ɗaya ne, mijin Auta, a rungume, da ƙafa, daga ƙofar gidana har bakin kasuwa. Zai zauna a bencin shagon har a gama, ya dawo da tsohuwar nan ta mai gyara a ranar, da jar motarmu a ciki. Ba na son sabuwa, ba na son mai ƙarfi, ba na son a zuba mata komai.

Ƙanwata za ta saka wannan takarda a zauren dangi na waya, ta kuma saka ta a ƙarƙashin bidiyon nan, don waɗanda ƙarar fanka ta dama su san abin da aka rufe musu. Idan ya goge, za ta sake sakawa.

Idan goma ta yi ban gan shi ba, ni zan ɗauke ta. Zan kai ta shagonsa, in ajiye ta a kan kantar da yake jera kayan waya, in ja kujera in zauna, kuma duk wanda ya shigo saye zan ba shi labari tun daga farko.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne kan gaba. Kai mijin Auta, da kai nake. Kafin ka taɓa gawar nan, za ka ajiye wayarka a bakin ƙofa, ka shiga ɗaki, ka zagaya ta wajen bango inda fuskarsa take, ka durƙusa, ka gaya masa da bakinka abin da ka yi da dalilin da ya sa ka yi. Na yi wa mijina ƙarya sau ɗaya saboda kai, ba zan ƙara ba. Ka zo ka amsa masa.